Mun Ce Zariya Za Mu

Tun da muka dawo daga tafiyar nan ta hutun damina ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Tarauni ba. Wannan ya ce, "Malam Nasiru, yaya teku?" Wancan ya ce, "Wai da gaske a Kwatano mata ke tuƙa babur?" Na ba da labarin gutsi-gutsi har bakina ya gaji, kuma duk wanda na bai wa sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai wa na gaba. To ga shi nan a rubuce, har da wuraren da ban fito da kyau ba. Wanda ya sake tambayata, takardar zan miƙa masa.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. Shekara goma sha biyar ina zana wa yara bakin teku a allo, alhali ban taɓa wuce Kaduna ba. A gida mu biyar ne a Gyaɗi-Gyaɗi: ni da matata Rabi, da 'ya'yanmu Ummi da Sadiƙu, sai mahaifiyata Umma, wadda ke tare da mu tun rasuwar Baba.

Idon Umma ne ya kawo tafiyar. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma tafiya yake a hankali. Da rana tsaka tana ganin abin da ke gabanta, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Rana na yin sanyi kuwa sai a kama mata hannu. Muna dawowa daga asibiti ta ce da ni, ba tare da ta kira sunana ba, don ni ne ɗan fari:

"Kai, kafin ya rufe, a kai ni in ga Ladi."

Inna Ladi ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Aure ya kai ta Kwatano tun ina firamare, mijin ya rasu a can, ta yi zamanta da 'ya'ya. Rabon da su haɗu ya haura shekara ashirin, sai dai saƙo ta hannun direbobin da ke ɗauko motoci.

"Akwai tabo a goshinta, saman girar hagu," in ji Umma. "Ni na ya da ita daga bayana a kan dutsen niƙa tana jaririya. Innarmu ta ce in ta girma zai ɓace. Zuwanta na ƙarshe muna zaman makoki, ta ja kallabi har gira, ban duba ba. Ina so in gani."

Na baje taswira a tsakar ɗaki. Ba a zuwa Kwatano ta kudu sai an bi ta Ikko, kuma a Ikkon akwai Yaya Garba, yayan Rabi, da ke sayar da albasa. Yara suka ji maganar teku suka hana mu sakat. Shi ke nan ziyara ta zama hutun iyali, gari biyu, kowanne kwana huɗu. Tsarina na farko shi ne mu tashi Asabar, mu kwana ɗaya a Ikko, Litinin mu kasance a Kwatano, a dawowa a yi yawon Ikko. Haka Umma ta so, ta ce a fara da Ladi.

Ni na juya shi. Na ce mata tafiyar da nisa, gara ta huta ƙafafunta kwana huɗu a Ikko, ta isa wajen ƙanwarta da ƙarfinta. Na faɗa da muryar malamai, ta yarda. Gaskiyar magana, teku nake ɗokin gani. Na rubuta sabon jadawali da jan biro da shuɗi na manna a bayan ƙofa, Rabi tana yi mini dariya wai har lokacin shiga bayi na sa.

Sai kuma wata doka, wadda ta Umma ce. Na rubuta wa Inna Ladi wasiƙa na gaya mata halin da idon ke ciki, a ƙarshe na sa cewa muna nan tafe. Umma ta ce in karanta mata. Da na zo layin ƙarshe ta ɗaga hannu.

"Goge wannan."

"Umma, ai gara ta san da zuwanmu."

"A gidanmu ba a faɗar tafiya. Ka faɗa wa mutum ɗaya, goma sun ji, bakinsu ya riga ka hawa mota. Haka Innarmu ta tashe mu. Goge."

Na goge, aka ba direba wasiƙar da labarin ido kawai. Maƙwabcinmu Malam Isa mai kemis, wanda muka bar wa tsaron gida, shi ma Umma ta ce a gaya masa biki za mu nan Zariya. Ni da bakina na faɗa masa, ina kallon ƙasa. Har ya ce mu taho masa da alkaki.

Asabar da asuba muka hau babbar mota a Sabon Gari. Na ƙi ta dare saboda labarin 'yan fashi, na zaɓi wadda ke yada zango a Ilori. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba a lokacin, amma shingaye na nan birjik, kuma kowane shinge sai in laluba jakar takardu. Na ƙirga katunan rigakafinmu ya fi sau goma kafin Kaduna. Da muka ratsa Zariya Rabi ta taɓa ni ta ce, "Malam, ga bikin naku, ba za a sauka ba?"

A Jabba, bayan gada, mata suka yanyame motar da soyayyen kifi. Na tsaya yi wa yara bayanin kogin Kwara, daga inda ya taso zuwa inda ya faɗa, na juyo na tarar sun cinye kifina. A Ilori muka kwana a wani ƙaramin masauki. Matar da ke kula da shi ta durƙusa har ƙasa ta gai da Umma, ta nuna mata alƙibla, ta kawo mana amala. Umma ta kusantar da kwanon daf da fuskarta ta ce, "Wannan tuwon ƙonewa ya yi?" Aka ce haka yake. Ta ci loma biyu, barkonon miyar ya sa ta tari, ta ce a miƙo mata ƙullin garin ɗanwakenta, gobe ta san abin da za ta yi.

Lahadi da hantsi muka shiga Ikko. Ina ta fargabar yadda za mu gano Yaya Garba a Agege, sai ga shi a tasha yana ɗaga mana hannu. Na dubi Rabi.

"Ni na buga masa waya," ta ce. "Dokar gidanku ce, ni ba a gidanku aka haife ni ba."

Har na ɗan ji haushi a lokacin. Ku riƙe wannan, za ku ga wanda ya fi hankali tsakaninmu.

Ɗaki da falo Yaya Garba yake da su, ya bar mana ya koma kwana a shago. Gidan haya ne mai iyalai sun fi goma, famfo ɗaya, ana jera bokitai tun kafin a kira salla. Abin da ya fi ɗaure mini kai a Ikko shi ne gaisuwa. Mu a nan sai ka tambayi gida da aiki da gajiya da sanyi kafin ka ce ina hanyar kaza. A can na tare wani na fara jero masa gaisuwa, kafin in kai ta biyu ya yi nisa. Motocin hayarsu masu ruwan ɗorawa kuwa ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke, kai ka san yadda za ka yi. Na ce da kwandasta akwai tsohuwa, sai ga shi ya diro ya ɗauki Umma cak ya sa a gaba yana kiranta Mama. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, amma ka sauke muryarka."

Akwai kalandar wani kamfani a bangon ɗakin, mai manyan lambobi. Kullum da safe in rana ta shigo, sai Umma ta zuba mata ido. Ranar Litinin daga kan katifa ta karanto su. Na ji daɗi na ce ai hutun yana yi mata amfani.

Talata muka je bakin teku. Ba zan ɓoye ba, na tsaya baki buɗe, har na ji kunyar zanen da nake yi wa yara. Ummi da Sadiƙu suna ihu suna gudun igiyar ruwa. Na kamo hannun Umma na kai ta gaɓa na ce ga shi nan. Ta daɗe tana kallo.

"Fari kawai nake gani," ta ce. Ta sunkuya ta tsoma yatsa ta lasa. "Gishiri ne. To ka gani, hankalinka ya kwanta? Mu tafi wajen Ladi."

Na ce saura kwana biyu, akwai babbar kasuwa da doguwar gada a jadawali.

Laraba da safe na ga ta tashi daga katifa, ta taka har gaban kalandar, hancinta ya kusa taɓa takardar. Na ce wa kaina hadari ne ya rage haske. Rabi ta ja ni waje ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah mu tafi yau." Na ce mota ta riga ta wuce, gobe ma rana ce. Ranar na zaga da su kasuwa da gada, amma ko ku yanka ni ba zan iya faɗa muku abin da na gani ba, hankalina na kan kalandar.

Alhamis muka nufi kan iyaka ta Seme, ana yayyafi. Taɓo har idon sawu, masu canji da masu dako kowa na jan rigarka. Takardunmu lafiya lau, na ƙirga su sau biyu a gaban ma'aikacin don ya shaida. A ɓangaren can ne aka buɗe jakar tsarabar Umma: kuka, busasshiyar kuɓewa, da daddawa ƙulli biyar. Ma'aikacin ya sunsuna daddawar ya ja da baya yana zuba Faransanci. Ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na fara zufa a cikin ruwan sama, na ga an riga an mai da mu. Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke bayanmu, mai tsallakawa duk mako, ta matso ta yi masa bayani, ya yi dariya ya ɗaure jakar da kansa. Da ta ji unguwar Zango za mu, gidan Ladi 'yar Kano, ta ce, "Mai waina? Wa bai san ta ba?" Ta sa mu a tasi ta yi wa direba kwatance.

Amsar tambayarku: e, mata na tuƙa babur, da goyo ma. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi, burodinsu dogo ne kamar sanda. Iyakar abin da na gani ke nan, ta tagar tasi. Umma ta gyara ɗaurin kallabinta sau uku. Ta ce mu yi sauri tun rana na sama.

Muka yi sallama a gidan wajen azahar. Wata matashiya ta fito, Salamatu, matar ɗan Inna Ladi. Na faɗi ko mu su wane ne. Maimakon guɗa sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Ai Iya ta tafi Kano."

"Kano?"

"Tun da wasiƙarku ta zo ba ta ƙara cin abincin kirki ba, wai idon Yaya, idon Yaya. Mu ma ba ta gaya mana ba, ta ce ba a faɗar tafiya. Sai ranar Talata da asuba muka ga ta fito da buhu, ta bi motar arewa."

Umma ta laluba bango ta zauna a kan wani benci.

"Talata," ta ce. "Muna ina ranar Talata?"

Sadiƙu, da yake yaro ne, ya ce, "Muna bakin teku."

Ba ta dube ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na bar tsarin farko, da tun Litinin suna zaune tabarma ɗaya. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Wayar salula lokacin sai manya. Mijin Salamatu ya kai mu wani shagon buga waya, ni da Umma, na dinga gwada lambar kemis ɗin Malam Isa. Layi ya ƙi, ya sake ƙi, har aka yi la'asar. Da ta shiga, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Malam Nasiru! Yaya biki? Kun yi baƙuwa fa. Wata dattijuwa ta zo jiya, ta tarar da kwaɗo, ta kwana wajen iyalina."

"Alhamdu lillahi! Riƙe ta, don Allah kar ta motsa!"

"Ai ta tafi. Na ce mata kuna Zariya, yau da safe ta hau mota ta bi ku. Ba ku haɗu ba?"

Na ce masa daga Kwatano nake magana. Sannan ya ce ta bar buhun tsaraba a ba yayarta, ta kuma ce in ba ta same mu a Zariya ba, daga can za ta kama hanyar gida.

Ga ni da taswira a aljihu, na rasa gabas na rasa yamma. In mun zauna, wataƙila ta koma Kano tana jiranmu. In mun tafi, wataƙila mu sake saɓani a hanya. Hutuna saura kwana kaɗan, idon Umma kuma ba ya jiran kowa. Na fara jero mata lissafin hanyoyi, ta katse ni.

"Naɗe takardar nan. Ladi ba za ta juya ba ta gan ni ba, faɗa kawai ta yi don kar ta ɗora wa mutane nauyi. Gobe gida za mu."

"In kuma ta taho fa, Umma?"

"Na bi naka, ga inda ya kawo mu. Yanzu ka bi nawa."

Kwana ɗaya muka yi a Kwatano, a ɗakin Inna Ladi. Umma ta shafa gadonta, da kaskon wainarta, da zannuwan da ke rataye. Salamatu ta dafa mana shinkafa da kifi tana kuka tana ba mu haƙuri kamar ita ta yi laifin. Juma'a da sassafe muka juya. A Ikko ko gidan Yaya Garba ba mu shiga ba, a tasha ya same mu. Muka sake kwana a Ilori, Asabar bayan sallar asuba muka ɗauki hanyar Kano.

Wannan yinin ba na fatan maimaita shi. Duk motar da ta wuce mu ta yi kudu sai na leƙa ko zan ga tsohuwa a ciki, ni da ban san kamanninta na yanzu ba. A Zariya na so mu sauka mu bincika, Umma ta ce a wuce. Daga Kwanar Ɗangora na koma kallon rana, tana sauka, hadari kuma na haɗowa daga gabas. Ko mun same ta, in duhu ya riga mu, sai gobe, kuma bayan kalandar nan na daina amincewa da gobe.

Muka sauka a Kano, a bakin titin Zariya, na bar Rabi da yara da kaya, na ja Umma muka shiga layinmu. Tun daga nesa na hango tabarma a ƙofar gidanmu, da wata 'yar tsohuwa siririya zaune a ƙarƙashin kwaɗon, buta a gefenta. Malam Isa ya fito daga kemis yana cewa tun jiya ta dawo, ta zaga gidan biki uku a Zariya tana tambaya, kuma ta ƙi shiga cikin gidansa da rana, wai kar mu zo ba ta gani ba.

Ta miƙe. "Yaya?"

Umma ta saki hannuna ta nufi muryar. Suka rungume juna, Inna Ladi na kuka tana faɗa: "Yaya, wane irin biki ne wannan? Na ci tuwon mutane gida uku, ba wanda ya san ku!" Umma ta kama fuskarta da hannu biyu ta matso da ita, ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Layinmu matsattse ne, inuwar katanga ta riga ta rufe shi.

"Ba na gani," ta ce. "Kai, ba na gani."

Ban san lokacin da na kama su ba, ɗaya a kowane hannu, na ja su muka fita bakin titi, 'yan acaɓa na yi mana hon, masu shaguna na kallo. Can yamma, ƙarƙashin hadarin, rana ta rage kaɗan. Na juya Inna Ladi ta fuskance ta. Umma ta sa hannu ta ture mata kallabi baya, ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe.

"Yana nan," ta ce. Ta ɗora ɗan yatsa a saman girar hagu. "Ashe bai ɓace ba. Ladi, kin tsufa."

"Ke ma, Yaya."

Aka fara yayyafi, ba wadda ta motsa, sai da aka kira magariba.

Inna Ladi ta yi wata biyu a gidanmu. Malam Isa ya yi mako guda yana gaishe ni da "Yaya mutanen Zariya?" kafin ya haƙura, alkakinsa kuma har yau yana bina. Ranar da Inna Ladi za ta koma, da asuba muka ga ta fito da buhu. Na bi motar da ido, na wuce kemis na buga wa Salamatu waya, ban nemi izinin kowa ba.

Idon Umma ya rufe gaba ɗaya kafin babbar salla. Mata na zuwa dubiya, kuma su ma kamar ku, sai sun tambaye ta yaya Ikko, yaya Kwatano, me ta gano. Ina jin ta daga falo.

"Ni ban ga komai a can ba," take cewa. "A nan bakin titi na ga Ladi."